Waya Mai Lamba Huɗu

Ƙarfe goma na dare,
a gidan kula da tsofaffi da ke bayan garin Viseu,
kafin in cire rigar ruwa, kafin in ce wa kowa sannu,
su nake fara ƙirgawa.
Wayoyi shida, mazauni shida a kan kanta.
Biyar na zaune, idonsu kore shar.
Ta huɗu ba ta nan.

Na san inda take.
Bakin taga, kan ƙarfen ɗumama ɗaki,
inda Amílcar mai aikin rana ya yasar da ita
ya tafi gida yana fito.
Zafi ne ajalin batir,
na faɗa, na rubuta, na liƙa a bango,
har takardar ta tsufa ta faɗo da kanta.

Suna cewa Gracinda ta cika tsirfa.
Su faɗa.
Ba sa nan daren da Dona Deolinda ta zame a banɗaki,
na danna lambar likita, na ce, "Ta faɗi, kanta ne ya..."
wayar ta yi kuka sau biyu
ta mutu a tafin hannuna.
Matakala arba'in da ɗaya na sauka da ƙafar safa
ina neman wata mai rai.
Tsohuwa ta tashi, ɗinki bakwai a goshi.
Amma wanda maciji ya sara,
ko tsumma ya gani sai ya daka tsalle.

Baltazar na ɗaki na tara
shekara talatin ya yi yana gyaran sigina a layin dogo.
Barci ya daɗe da yin ƙaura daga idonsa.
In ƙafa ta ɗauke, sai in ji kukan tayar kekensa
tana tahowa a hankali ta baranda.

Shi ya koya mini.
Auduga da ɗigon sifirit,
a goge haƙoran nan biyu na ƙasan waya,
don dauɗar hannu kan hana ta cin abinci
tana zaune a gaban akushi.
Kada a cusa mata batirin rimot,
wanda ba a yi shi don caji ba,
zai yi aman farin gishiri ya cinye mata ciki.
"Kuma kar ki haɗa tsoho da sabo," in ji shi.
"Tsohon zai ja sabon ƙasa,
su ƙare tare."

Ya dubi hannunsa mai rawa, ya dube ni.
"Shekarunki nawa?"
Na ce ashirin da tara.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"To, kin dai ji."
Na miƙa masa ruwa, ban ce komai ba.

Na buɗe bayan ta huɗu.
Ɗaya ya kumbura kamar cikin kwaɗo.
Ga ɗan salatif a jikinsa, ga rubutuna:
watan Maris, shekara biyu da suka wuce.
Na ciro sababbi biyu daga aljihun tebur,
tagwaye, daga kwali ɗaya,
na rubuta musu ranar yau,
na zaunar da ita. Ba mai taɓa ta sai gari ya waye.

Tsofaffin kuwa, kafin in jefa su jan akwati,
Baltazar ya buɗe tafinsa ya karɓa.
Ya jujjuya su, ya auna nauyinsu.
"Kira nawa suka ɗauka, kina ji?"
Ban sani ba.
"Ba wanda ya ƙirga," ya ce,
ya saka su da kansa, ɗaya bayan ɗaya,
ba tare da sun yi ƙara ba.

Ruwa na dukan gilashi.
Biyar kore, ɗaya ja tana ƙiftawa.
Sai ta biyu ta ɗauki ruri:
ɗaki na sha biyu, bargo ya zame.
Na zare ta daga mazauni, da ɗuminta,
na ce, "Gani nan."